Sabuwar laftof ta ƙi aiki? Ga abin yi kafin a nufi shagon mai gyara

A wannan makon za mu ɗan ajiye maganar littafi mu taɓa ta kwamfuta, saboda wani abu da ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce.

Muna da wata ƙanwa, 'yar gwaggonmu, tana aji shida na sakandare. Gwaggo ta yi wata da watanni tana zubin adashe, da ta kwasa sai ta saya mata laftof, don ta riƙa gwajin jarrabawar JAMB a gida. Kun san tun daga 2015 a kan kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa, wanda kuwa bai saba da kibod da linzami ba, lokacinsa yakan tafi wajen neman inda zai danna. Mai shago ya ce sabuwa ce dal, ya rubuta rasit, ya ba da garantin kwana 7.

Kwana biyu ana ta murna. A rana ta uku laftof ta ɗauke, ta ƙi tashi. Yarinya ta danna, ta sake dannawa, shiru. Tsoro ya kama ta, ta mayar da ita cikin kwali ta tura ƙarƙashin gado. Idan Gwaggo ta tambaya, sai ta ce ai tana caji. Sai a daren rana ta shida, da muka je gaisuwa, ta ja mu gefe idonta cike da ƙwalla ta ce, "Yaya, na kashe laftof ɗin nan, kuma ban san abin da na taɓa ba. Don Allah kada ka gaya wa Umma."

Ba ta taɓa komai ba. Cajar laftof gida biyu ce: akwai wayar da ke zuwa soket, akwai kuma baƙin akwatin nan mai ɗan nauyi da wata wayar ke fita daga jikinsa zuwa laftof. Wayar soket ce ta zame daga bakin akwatin, ba ta fita ba, ba ta kuma zauna ba. Tana ganin ta jona caji, alhali ko ɗigon wuta ba ya shiga. Muka tura wayar ta zauna, 'yar fitila ta kama, bayan kamar minti 20 laftof ta tashi. A daren ne kuma muka gano wata matsala ta gaske, wadda da an ƙara kwana ɗaya da kuɗin Gwaggo sun yi ciwo. Za mu zo kanta a gaba.

Ƙa'idoji uku kafin a taɓa komai

Ta farko, kada ku ɓoye. Garanti kwanaki gare shi, kuma ba ya jiran mai tsoron faɗa. Faɗan minti biyar a gida ya fi asarar kuɗin adashe sauƙi.

Ta biyu, ku fara da abin da ba ya cin ko sisi: waya, soket, maɓalli, kashewa da kunnawa. A ɗakin kwananmu na jami'a, yawancin laftof ɗin da ake kawowa a ce sun lalace, a nan suke warkewa.

Ta uku, abu ɗaya za ku riƙa canjawa, sannan ku gwada. Idan kuka canja soket, kuka canja caja, kuka goge manhaja uku duk a zama ɗaya, ko ta gyaru ba ku san abin da ya gyara ta ba. Duk saƙon da ya fito a allo ku ɗauki hotonsa da waya, ko ku kwafe shi a takarda. Ya fi a je a ce wa mai gyara, "wani rubutu ne ya fito da Turanci."

Bayaninmu a kan Windows ne, don ita ce a yawancin laftof ɗin da ake saya wa ɗalibai. Sunayen wurare kuma za mu rubuta su yadda za ku gan su a allo.

Idan ta ƙi tashi

Ku bi wutar daga bango har zuwa laftof. Ku jona wani abu a soket ɗin, kamar cajar waya, ku ga ko yana aiki. Ku duba mahaɗar da ta yaudari ƙanwarmu. Ku duba ko 'yar fitilar caji da ke gefen laftof ta kama. Da yawan sababbin laftof daga kamfani ake rufe batirinsu don kada ya zube a hanya, ba sa tashi karon farko sai an jona caja. Wadda batirinta ya ƙare ƙarƙaf kuwa, ku ba ta kamar rabin awa a caji kafin ku yanke hukunci.

Idan har yanzu shiru, ku cire caja, ku cire filas da linzami da duk abin da aka soka mata, ku danne maɓallin kunnawa na sakan 15 zuwa 20 ba tare da ɗagawa ba. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a cikinta. Sai ku mayar da caja ku kunna.

Ku kuma karanta rubutun da ke jikin akwatin caja. Layin da aka rubuta Input yakan nuna 100 zuwa 240V, wutar gidajenmu kuwa 230 ce a ƙa'ida, don haka ta dace. Layin Output shi ne abin da take ba laftof. Idan an rubuta 19.5V da 3.33A, ku ninka su, za ku samu wat 65. Cajar da ba ta kai ƙarfin da laftof ke buƙata ba, ko dai ta yi caji a hankali, ko ta ƙi yi sam. Don bakin caja ya shiga, ba shi ke nuna ta dace ba, saboda haka a daina aron cajar maƙwabci. Idan aka ɗauke wuta, ku zare caja daga soket, don lokacin da ake dawo da ita ko ake tayar da janareta ne wuta ta fi tsalle ta ƙona kaya.

Ta tashi amma allo baƙi ƙirin

Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ba a ganin komai. Ku danna maɓallin Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa na kamawa tana mutuwa, to kwamfutar na raye, maganar allo ce kawai. Ku fara ƙara haske da maɓallin da ke layin sama mai hoton rana, wataƙila ƙaramin gida ne ya rage shi. Idan bai yi ba, ku danna waɗannan huɗun tare: maɓallin Windows mai hoton taga, da Ctrl, da Shift, da B. Za ku ji ɗan ƙara, allo ya yi ƙifta, don wannan yana farfaɗo da sashen da ke kula da hoto.

Har yanzu baƙi ne? Ku haska tocilan waya a jikin allon dab da dab. Idan kuna hango rubutu dishi-dishi, fitilar bayan allo ce ta mutu. Wannan ba aikin gida ba ne, a mayar wa mai shago.

Tana nauyi kamar an ɗaura mata dutse

Wannan shi ne koken da aka fi yi a makon farko, kuma sau da yawa ba cuta ba ce. Laftof takan yi watanni a kwali kafin a saye ta. Da ta samu intanet, sai Windows ta shiga sauko da duk gyare-gyaren da suka fito a bayanta, tana girka su a ɓoye, ga fanka na gudu, ga komai na jan ƙafa. Ku shiga Settings, ku buɗe Windows Update, ku bar ta ta gama tana jone da caja. Idan ta rubuta cewa kada a kashe ta, to kada a kashe ta, ko da ta yi kamar ta tsaya a lamba ɗaya. Kashe ta a wannan hali na iya lalata Windows ɗin kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

Idan an gama wannan nauyin bai tafi ba, ku danna Ctrl da Shift da Esc tare. Task Manager zai buɗe, shi ne kamar rajistar aji: yana nuna kowace manhaja da ke aiki da abin da take ci. Ku duba wadda ta fi cin CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko Memory, wato teburin da take baje aikinta a kai, wanda ake kira RAM. A nan kuma akwai sashen Startup, jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna. Ku kashe waɗanda kuka sani kuma ba ku buƙata. Wadda ba ku san aikinta ba ku ƙyale ta, kada garin neman gira a rasa ido.

Ku san kuma iyakar abin da aka saya muku. RAM mai gigabayit 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa. Laftof irin wannan za ta yi rubutu da karatu da gwajin jarrabawa, amma idan kuka buɗe shafi 20 a Chrome ga bidiyo na tafiya, dole ta yi nishi. Ba lalacewa ta yi ba, teburin ne ƙarami.

Ga wani abu da mu ma sai a jami'a muka sani: Shut down da Restart ba ɗaya ba ne. Saboda wani tsari na saurin tashi da Windows ke da shi, idan kuka zaɓi Shut down takan adana wani sashe na aikinta ta ɗora daga nan gobe, har da matsalar da ke ciki. Restart ne ke share fage a fara sabo. Idan abu ya rikice, Restart za ku zaɓa.

Intanet ya ƙi, ko data na ƙonewa

Ku duba kusurwar dama ta ƙasan allo. Idan kun ga hoton jirgin sama, an kunna Airplane mode, wanda ke rufe Wi-Fi gaba ɗaya, kuma maɓalli ɗaya a layin sama ya isa ya kunna shi bisa kuskure. Idan laftof ba ta ganin hotspot ɗin waya alhali wasu na gani, ku shiga saitin hotspot a wayar ku mayar da shi daga 5GHz zuwa 2.4GHz, don akwai laftof ɗin da ba sa ganin na farkon. Idan tana gani amma ta ƙi haɗuwa, ku danna Forget a kan sunan, ku sake rubuta lambar sirri a tsanake, kuna lura da manya da ƙananan baƙaƙe.

Wani lokaci intanet ya haɗu, amma kowane shafi sai ya ce ba shi da tsaro. Ku dubi agogo da kwanan wata. Idan sun kauce, shafuka da yawa ba za su buɗe ba. A saitin lokaci ku zaɓi West Central Africa, shi ne agogon Nijeriya da Nijar.

Maganar data kuwa, mu kanmu ta taɓa cin mu. Mun sayi ta wata guda, muka jona sabuwar laftof da hotspot bayan isha'i, kafin safiya babu ko ɗigo. Windows ba ta san cewa data ce ta waya mai ƙidaya ba, ta ɗauka Wi-Fi ne mara iyaka. Ku gaya mata: Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ku danna sunan hotspot ɗinku, ku kunna Metered connection. Daga nan za ta rage saukar da manyan kaya. Amma kada ku hana ta gyare-gyaren har abada, don a cikinsu ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ku nemi datar dare mai araha ko Wi-Fi na makaranta, ku ba ta dama lokaci zuwa lokaci.

Zafi da kukan fanka

Ku juya laftof ku ga ƙasanta da gefenta, akwai tagogi ƙanana. Ta nan take shan iska, ta nan take fitar da zafi. Duk wanda ya ɗora ta a kan katifa ko filo ko bargo ya toshe mata hanci. Za ta yi zafi, ta rage gudu don ta kare kanta, in abin ya yi yawa ta kashe kanta. Tebur ya fi, in babu ko farantin tire ko faffaɗan katako ya wadatar.

Kamfanoni da yawa sukan ce a yi aiki da laftof a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan kai 40. A irin wannan lokaci aiki mai nauyi ya fi kyau da safe ko da dare, kuma kada a bar ta a rana ko cikin rufaffiyar mota. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: a rufe ta a jaka idan an gama, a riƙa share tagogin da busasshen buroshi mai laushi. Kada wanda ya ce ku sa ta a firji ta huce. Raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa.

Batir: inda muka kama gaskiya

Da laftof ɗin ƙanwarmu ta cika, muka zare caja, ko awa ɗaya ba ta yi ba ta fara kukan wuta. Sabon batir ba ya haka. Sai muka tambayi kwamfutar da kanta, kuma ku ma za ku iya. Ku danna maɓallin Windows, ku rubuta cmd, ku danna Enter. Baƙin akwati zai buɗe. Ku rubuta powercfg /batteryreport ku sake danna Enter. Zai nuna muku inda ya ajiye rahoto, ku je ku buɗe shi.

Layi biyu za ku nema. Design capacity shi ne yawan wutar da aka ƙera batirin ya ɗauka. Full charge capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yanzu. A sabon batir lambobin biyu kusan ɗaya suke. Idan misali na farko 45,000 ne na biyu kuma 20,000, to batirin ya sha duniya. A wasu laftof akwai kuma Cycle count, wato sau nawa aka cika shi aka zubar. Na ƙanwarmu na biyun bai kai rabin na farko ba.

Ba laifi ba ne sayen laftof ta hannu, mu ma da irinta muke karatu, kuma da yawa suna da ƙwari. Laifin shi ne a sayar da ta hannu da sunan sabuwa, a kuma karɓi kuɗin sabuwa.

Gargaɗi guda: idan kuka ga ƙasan laftof ya kumbura, ko wurin shafa yatsa ya tasa sama, batir ne ya kumbura. Ku kashe ta, ku zare caja, kada ku danne shi, kada ku huda shi, don yana iya kamawa da wuta. A kai ta shago a ranar.

Kibod, sauti da kyamara

Kuna son rubuta adireshin imel, kun danna Shift da 2, maimakon @ sai alamar zance ta fito. Kibod bai lalace ba. Tsarin Ingila aka sa masa, alhali zanen maɓallansa na Amurka ne. Idan an girka duka biyun, maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara tare suna sauya su. Idan babu, a ƙara shi a Settings, ƙarƙashin Time & language. A nan ne kuma za ku iya ƙara kibod na Hausa, wanda Windows ke zuwa da shi. Idan kuka sa shi, ku riƙe Alt na hannun dama ku danna b ko d ko k, za ku samu ɓ da ɗ da ƙ. Kun huta da rubuta "kasa" inda kuke nufin "ƙasa".

Idan kuna danna J da K da L sai 1 da 2 da 3 su fito, Num Lock ne ya kunnu, ku kashe shi. Idan wurin shafa yatsa ya daina motsi, ku duba layin sama, yawanci akwai maɓalli mai hotonsa da ake dannawa tare da Fn. Idan kuwa kibiyar na tsalle ita kaɗai sai an jona caji, ku zargi caja ko soket mara wayar ƙasa, ku gwada wani wuri.

Babu sauti? Ku danna hoton lasifika ku ga inda ake tura shi, wataƙila yana tafiya ga abin kunnen Bluetooth da ke cikin jakar wani. Kyamara baƙa? Sababbin laftof da yawa suna da ɗan murfi a saman allo da ake turawa da farce. Mun ga wanda ya biya kuɗin mota har kasuwa a kan wannan murfin.

Shin abin da aka biya shi aka bayar?

Ku buɗe Settings, sai System, sai About. Nan za ku ga ainihin sunan ƙwaƙwalwar da yawan RAM. Ku gwada da abin da ke kan rasit, kada ku dogara da takardar da aka manna a jiki, don ana iya manna kowace. A Task Manager, sashen Performance, za ku ga ko ma'ajiyar SSD ce mai sauri ko HDD mai faifai. Ku duba kuma wace Windows ce a ciki. Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka laftof ɗin da aka ce sabuwa ce amma ba ta iya ɗaukar Windows 11, akwai tambaya a kanta. A ƙasan laftof akwai lambar shaidarta, wadda ake rubuta Serial number ko Service Tag a gabanta. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suna da shafin da ake sa wannan lamba a ga lokacin da garantinta ya fara.

Amma kada ku je faɗa a kan wannan: an ce ma'ajiya gigabayit 256 ce, kwamfuta ta nuna kusan 238. Ba sata ba ce. Masu ƙera ma'ajiya da 1,000 suke lissafi, Windows kuwa da 1,024. Haka nan idan laftof ta ƙi girka manhajar da kuka sauko da ita, ta ce sai ta Microsoft Store, tana cikin tsarin da ake kira S mode. Fita daga cikinsa kyauta ne, sai dai in an fita ba a komawa, don haka a yi shawara da babba tukuna.

Filas ɗin aboki

Ranar da aka ji kun yi laftof, abokai za su zo da filas cike da fina-finai da wasanni. Ta nan cutar kwamfuta ta fi shigowa. Alamar wadda ta fi yawo a makarantu ita ce ku ga fayilolinku sun koma masu 'yar kibiya a gefe, na ainihin sun ɓuya. Kada ku danna su. Windows na zuwa da mai gadinta, Microsoft Defender, kuma kyauta ne. Ku danna filas ɗin da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi a bincike shi da Defender kafin ku buɗe komai. Ku guji manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, musamman wadda ke cewa sai kun kashe mai gadi kafin ta shiga. Baƙon da ya ce a kori mai gadi, kun san abin da ya kawo shi.

Inda hannunku ya tsaya

Akwai abin da ba na gida ba: warin ƙuna, batir mai kumburi, layuka a allo tun daga tashi, maɓallan da suka mutu, ko shuɗin allo mai dawowa kullum bayan an gama gyare-gyaren Windows. Idan ruwa ko shayi ya zube mata, ku kashe ta nan take, ku zare caja, kada ku kunna don ku ga ko tana yi. Kuma muddin garanti bai ƙare ba, kada ku kwance ko ƙusa ɗaya, kada ku kai wa wani mai gyara daban. Da mai shago ya ga an buɗe, ya samu hujjar zamewa, sai a yi gyaran gangar Auzinawa.

Kafin ta bar hannunku, ku kwafe ayyukanku a filas. Idan da asusun Microsoft aka buɗe ta, mai yiwuwa an kulle ma'ajiyarta da tsarin BitLocker, kuma bayan gyara tana iya neman mabuɗi mai lamba 48. Yana cikin asusun, ku shiga ta waya ku kwafe shi a takarda tun yanzu. Ku tafi da rasit da kwali da caja, ku kuma tafi da babba. Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai shugabannin kasuwa, akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya.

Yadda ta ƙare

A daren nan muka ce wa ƙanwar tamu, "Tashi mu je wajen Gwaggo, ke za ki yi bayani da bakinki." Gwaggo ta yi faɗa, amma a kan ɓoyewar, ba a kan laftof ba. Washegari, ranar ƙarshe ta garanti, muka isa shago da hantsi. Mai shago ya fara cewa ai haka batirin zamani yake. Yarinyar da jiya take kuka ita ta buɗe rahoton, ta juya masa allo, ta ce, "Baba, duba waɗannan lambobi biyun." Ya duba, ya yi shiru, ya aiki yaronsa ya ɗauko sabon batir, ya kuma rage wa Gwaggo wani abu daga kuɗin. Kafin mu fito ta sake fitar da rahoton a gabansa, lambobin suka zo kusan daidai.

Saboda haka duk wanda aka saya wa laftof, aikin gidansa na ranar farko ke nan: ya fitar da rahoton batir, ya gwada About da rasit, ya buɗe shafin rubutu ya danna kowane maɓalli, ya soka filas a kowace ƙofa, ya gwada sauti da kyamara da Wi-Fi, ya zare caja ya ga awa nawa za ta yi. Duk abin da bai yi daidai ba, ya faɗa a ranar. Wanda kuma ba a saya wa ba tukuna, ya yanke wannan shafi ya adana, ya gwada abin da ya iya a ɗakin kwamfuta na makaranta da izinin malami.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake koyon buga rubutu da yatsu goma ba tare da kallon kibod ba. A ci gaba da karatu, a gaida mutanen gida.